Rumfar Eulalia a Tashar Calama

Tsakanin mai gyaran waya da mai gurasa,
a tashar motar Calama,
akwai rumfar da ba ta fi taku uku ba.
Eulalia Cutipa na ciki,
tabarau ɗaure da zaren ulu,
littattafai sun yi mata katanga har wuya.

Ni direban tanka ne.
Ruwan gishiri nake ja daga fakon Atacama,
dare bakwai a jere,
kuma a layin awo mutum kan kalli taurari
har su gaji su fara kallonsa.

Na ce, ba ni abin da zai hana ni barci.
Ta ce, mai shayi na gaba.
Nan ƙagen kimiyya ake sayarwa,
ƙaryar da kan riga gaskiya isa gari.

Ta jawo wani tsoho, bango ya ɓalle,
takarda ta yi launin shayi da madara.
Labarin masinja ne, ta ce,
mai kai wasiƙa daga tauraro zuwa tauraro.
Duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa,
mai wasiƙar ya shekara ɗari biyu a ƙasa,
sai ya tara tattaɓa-kunne
ya karanta musu gaisuwar da ba tasu ba.
An rubuta shi tun ana zaton
kwamfuta sai ta cika ɗaki ta yi tari.
Sun yi kuskure a kan na'ura.
A kan kewa kam, ko kusa.

Na miƙa hannu ga wani ƙato mai sheƙi,
bindiga a bango, duniya na ci da wuta.
Ta buge min yatsa.
Ba girin-girin ba, Baltasar, ta yi mai.
Shafi ɗari tara, ba mutum ko ɗaya a ciki.

Sabon yana cikin leda,
makon jiya ya hawo daga Santiago.
Wata yarinya ce ta rubuta, ko talatin ba ta kai ba:
birnin da ya ɗauki inji aiki
ya riƙa yi masa mantuwa,
bashi, gaba, sunan wanda ya ɓace,
har injin ya fara kuka da tsakar dare
ba wanda ya san kukan wa yake yi.
Tsakiyarsa na jan ƙafa kamar motarka a hawa.
Daure. Gangaren zai biya ka.

Na biya biyu. Har na juya,
ta ce, tsaya.

Daga ƙarƙashin kujera ta fito da na ukun,
naɗe a tsohon gyale.
Wannan ba na sayarwa ba ne.
Masu haƙar ma'adinai ne a wani dutse mai yawo a sama,
sun shiga yajin aiki,
ba don albashi ba,
don a huda musu taga.
Na mijina ne. Shekara talatin yana haƙar tagulla
kafin ƙirji ya ci shi.
A gefen shafi, da fensir, ya rubuta: mu ma.
Ga tikitin bas inda ya tsaya,
shafi na ɗari biyu da sha biyu.
Ban taɓa iya wuce shi ba.
Wuce min. Ka zo ka faɗa min ko sun samu.

Daren Talata, sanyi na yankan kunne,
na kashe inji, na kunna fitilar sama.
Na iso tikitin. Na daɗe.
Sannan na ɗaga shi kamar mai ɗaga mayafin gawa,
na juya shafi.

Ƙahon na baya ya dawo da ni.
Layi ya motsa tuntuni,
gabas ta fara ja a kan gishiri.

Juma'a zan sauka Calama.
Tun yanzu ina gwada bakina
da yadda zan fara.